Layin yayanta, imel ɗin mai kafe: yadda ɗaliba ta ci JAMB amma ta rasa shekara

Wata Litinin cikin hunturun 2024 wani dattijo ya shigo makarantarmu da takarda a naɗe cikin leda, ya ce a nuna masa malamin kwamfuta. Ni aka nuna masa, duk da cewa lissafi aka ɗauke ni in koyar. Kwamfutar ɗora mini ita aka yi don ni kaɗai ke da laftof a cikin malamai. Na san mutumin. Hatsi yake saye yana sayarwa, duk Lahadi yana kasuwar Gujungu a nan jiharmu ta Jigawa, kuma 'yarsa ce ta fi kowa ƙoƙari a ajin da muka yaye a shekarar.

Muka gaisa, ya tambayi iyali da aiki da sanyi, sannan ya warware ledar ya miƙo mini takardar sakamakon JAMB, jarrabawar shiga jami'a.

"Malam, an ce yarinyar nan ta ci. To in ta ci, don me sa'o'inta ke ta haɗa kayan tafiya, ita tana gida tana mana tankaɗe?"

Na duba. Ta haura maki 200 da tazara mai kyau, a shekarar da kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka zauna jarrabawar a duk Najeriya ba su kai 200 ba. Na ce, "Baba, bari mu shiga shafinta mu gani. Wane imel aka yi mata rajista da shi?" Ya dube ni. Na ce to wace lambar waya? Ya ce ta yayanta, yana Legas. Kalmar sirri fa? Ya ce wannan sai yaron kafe.

Daga nan jikina ya ba ni cewa shekarar ta tafi, amma sai da muka yi kwana tara muna kai-komo kafin in iya faɗa masa.

Yadda jarrabawar ta koma haka

Ga wanda ya yi karatu da daɗewa, JAMB takarda ce da fensir. Tun da aka kafa hukumar a 1978 haka ake yi: ka sayi fom, ka cike da hannu, ranar jarrabawa ka cike gurbin amsa da fensirinka, ka koma gida ka yi ta jira. A 2013, zamanin Farfesa Dibu Ojerinde, aka buɗe zaɓi uku: takarda zalla, kwamfuta zalla, ko tambaya a kwamfuta amsa a takarda. A 2015 aka rufe ƙofar takarda gaba ɗaya. Dalilin hukumar a fili yake, satar amsa ta yi yawa, kuma sakamako na daɗewa bai fito ba.

Kukan da aka yi a lokacin shi ne na yaran da ba su taɓa riƙe maus ba. Kuka ne mai tushe. A makarantu da yawa irin tamu, a kan allo ake koyar da kwamfuta, malam ya zana hotonta da alli, yara su kwafa, su haddace sunayen sassanta, su ci jarrabawar zango da maki mai kyau ba su taɓa danna komai ba. Da Farfesa Ishaq Oloyede ya karɓi hukumar a 2016, sai a 2017 aka fito da tsarin maɓallai takwas: A, B, C, D don zaɓen amsa, N don tambaya ta gaba, P don komawa baya, S don miƙa aiki, R don fasawa. Aka kuma soma jarrabawar gwaji kafin ta ainihi. Gaskiya wannan ya rage wahala ƙwarai. Yaron da ya yi atisaye sau biyu ko uku zai iya amsa tambayoyi 180 cikin awa 2 ba tare da ya taɓa maus ba.

Sai dai a daidai lokacin da ake sauƙaƙa abin da ke cikin ɗakin jarrabawa, abin da ke wajensa yana ta ƙaruwa. A 2017 ɗin dai aka hana masu kafe yin rajista, aka ce sai a cibiyoyin da hukumar ta amince da su. A shekarar aka kawo CAPS, shafin da ake bi a ba ɗalibi gurbin karatu, shi kuma ya shiga da kansa ya amsa ko ya ƙi. A 2021 aka wajabta lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. Yanzu mataki na farko shi ne ɗalibi ya tura lambarsa ta NIN zuwa 55019 ko 66019 daga layin waya, a turo masa lambar da zai sayi fom da ita. Wannan layin ya zama shaidarsa ke nan. Da shi zai duba sakamako, ta nan saƙonni za su riƙa zuwa, kuma hukumar ta sha gargaɗin cewa a riƙe shi da kyau. Mu malamai mun zuba ƙarfinmu kan maɓallai takwas, ba mu ce uffan a kan wannan ba. Ni ma ina ciki.

Inda aka yi tuntuɓe

Yarinyar ba ta da waya. Wannan ba abin mamaki ba ne a garinmu, gidaje da yawa ba sa ba budurwa waya sai an kusa aurenta. Da lokacin rajista ya yi a watan Janairu, yayanta ya zo ganin gida, sai aka ce a yi da layinsa. Layin kuwa a tasha ya saye shi shekarun baya, riga an yi masa rajista da sunan wani da bai sani ba. Shi dai yana kira, ana kiransa, bai taɓa tunanin akwai matsala ba.

Ana buƙatar imel. Suka je wurin wani yaro mai kafe a bakin kasuwa, ya buɗe mata cikin minti biyar, ya sa kalmar sirrin da yake sa wa kowa, ya karɓi kuɗinsa. Bai rubuta musu komai ba, su ma ba su tambaya ba, don ba su san akwai abin tambaya ba. A cibiyar rajista aka ɗauki hotonta da zanen yatsunta, aka shigar da imel ɗin daga wata 'yar takarda da yaron ya ba su, takardar ta ɓace a hanyar dawowa. Tun da ba ta rubuta WAEC ba tukuna, aka sa mata cewa tana jiran sakamako.

Ranar jarrabawa, cikin Afrilu, ita ce ranar da komai ya tafi daidai, kuma ina jin daɗin tuna ta. Kafin nan na sa 'yan ajin sun zana allon maɓallai a kan kwalin taliya, kowa da nasa, ina kiran harafi suna dangwalawa. Laftof ɗina kuma suna bin layi a kansa bayan la'asar, minti goma-goma, in akwai caji. Sau uku ya zagayo kanta. Ta ba ni labari cewa da ta zauna a ɗakin, sanyin na'urar sanyaya ɗaki da ƙarar inji suka sa hannunta rawa, ta kai kusan minti biyu tana kallon agogon da ke saman fuskar kwamfutar yana cin lokaci. Sai ta yi bisimilla ta danna N, ta ga tambaya ta canza kamar yadda take canzawa a laftof, hankalinta ya dawo. Wanda ke kusa da ita, in ji ta, ya fi awa yana kan Turanci, bai san cewa sauran darussa ukun suna jere a sama sai an danna su ba. Da mai sa ido ya nuna masa, lokaci ya riga ya ƙure.

Sakamako ya fito, yayan ya tura saƙo daga Legas, ya kira gida da albishir. Aka yi murna, aka buga takardar, aka naɗe ta a leda. A tunanin gidan, an gama ke nan, saura a kira ta.

Saura abu biyu ne, kuma babu wanda ya san da su. Na farko, da sakamakon WAEC ya fito a watan Agusta, sai an koma cibiya an ɗora shi a shafinta na JAMB, in ba haka ba jami'a ba za ta iya ba ta gurbi ba. Na biyu, jami'ar da ta zaɓa ta buɗe nata shafin na tantancewa na 'yan makonni, ta sanar a intanet, ta rufe. Ƙawayenta da ke da yayye a jami'a ko suke cikin zaurukan WhatsApp na masu neman gurbi duk sun ji. Ita tana gida.

A tsakiyar haka kuma aka rufe layin yayan. Shekarar ce hukumar sadarwa ta NCC ta matsa kan a haɗa kowane layi da NIN, aka yi ta sa wa'adi ana ɗagawa har zuwa 14 ga Satumba. Da ya je ofishin kamfanin layin, aka ce sunan da ke kai ba nasa ba ne. Ya sayi sabo ya ci gaba da harkarsa. Bai ma tuna cewa karatun ƙanwarsa na rataye a tsohon ba.

Kwana taran da na ambata, a nan suka tafi. Muka nemi yaron kafe, aka ce ya tattara ya koma Kano. Da muka same shi a waya ya ce, "Wallahi Malam mutum nawa na buɗe wa? Gwada kaza, in bai yi ba gwada kaza." Babu wadda ta yi. Sauya kalmar sirri kuma ta layi take bi ko ta imel, ga shi duka biyun ba sa hannunmu. Daga ƙarshe, da na ɗauke ta muka je inda ya dace da takardunta da yatsunta, an samu hanyar gyara wasu abubuwa, har aka ɗora sakamakon WAEC. Amma tantancewar jami'a ta rufe tun tuni, kuma kwas ɗin da take so ba irin wanda ake rasa masu nema ba ne. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Laifin wa?

Na daɗe ina juya wannan tambayar. Yaron kafe ya yi sakaci, amma abin da aka biya shi ya yi, ya yi. Yayan bai yi da mugun nufi ba, shi da ya biya kuɗin fom ɗin ma daga aljihunsa. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, a duk waɗanda abin ya bi ta hannunsu babu wanda za a ce bai iya waya ba. Yayan yana da Facebook da TikTok, yana tura kuɗi gida ta waya. Yarinyar da kanta, in ta ari wayar maƙwabciya, ta fi ni saurin rubutu. A garinmu in aka ce wane ya iya waya, ana nufin ya iya latse-latse. Amma sanin cewa imel kamar ɗaki ne mai makulli, kuma makullin a hannun mai ɗaki ya kamata ya zauna. Sanin cewa layi yana da mai shi a rubuce, ba wanda ke riƙe da shi ba. Sanin cewa yanzu ba a aiko wa mutum takarda, shi ke zuwa ya leƙa. Sanin yadda ake bambanta shafin gaskiya da na 'yan damfara masu cewa a turo kuɗi a ƙara maki: wannan wani karatu ne daban, kuma ba a tsintarsa a latse-latse. Sai an zaunar da mutum an koya masa, kamar yadda ake koya masa alwala.

Kuma ba za a ce Jigawa baƙuwar kwamfuta ce ba. Tun farkon shekarun 2000, zamanin Saminu Turaki, aka kafa cibiyar koyon fasahar sadarwa a Kazaure, lokacin da jihohi da yawa ba su fara tunanin abin ba. Shugaban NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗeja ne, kuma hukumarsa ta sa wa kanta burin kashi 70 cikin 100 na 'yan ƙasa su samu wannan ilimi zuwa 2027. Buri ne mai kyau. Ni dai abin da zan so a auna, in an zo aunawa, shi ne yara nawa ne a aji shida na sakandare za su iya shiga imel ɗinsu da kansu a wayar da ba tasu ba, su kuma fita su rufe.

Uban

Sashen da ban zata ba a lamarin nan shi ne na mahaifin. Ranar da na faɗa masa sai baɗi, ya yi shiru, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Har ya miƙe, sai ya koma ya zauna.

"Malam, wannan makullin da kake faɗa, ni ba zan iya riƙe shi ba?"

Mutum ne da ya haura sittin. Ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta ajami da kyau, lissafin buhu da tiya kuwa kafin ka ciro kalkuleta ya ba ka amsa. Boko ne bai yi ba. Ya ce mini tun wahalar kuɗi ta farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, kasuwa ta fi ƙarfinsa. Mai saye zai ce ya tura, ya nuna masa fuskar waya, shi kuma sai ya aiki yaro wurin mai POS a duba ko ya shiga. Sau ɗaya an ɗora buhu huɗu na gero a mota kan saƙon da ashe na bogi ne. Wata rana kuma wani ya kira shi da Hausa mai daɗi, ya ce daga banki ne, za a rufe asusunsa in bai karanto lambar da aka turo masa ba. Abin da ya cece shi, in ji shi yana dariya, shi ne bai iya karanta saƙon ba, kafin ya samu mai karanta masa kuma kiran ya yanke.

Haka muka fara zama bayan isha'i a zauren gidansa, ran Talata da Alhamis. Cikin wata guda mun zama mu tara, da abokan kasuwancinsa da wani tela da ladanin unguwa. Matan gidan kuma 'yar ce ke maimaita musu da safe abin da ta ji ta bayan labule. Kakanninmu sun yi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950 da allo da fitilar ƙwai, namu da ƙaramar waya mai maɓalli ne da fitilar sola.

Koyar da manya ya sha bamban da koyar da yara, kuma su suka koya mini haka. Na zo da tsari, zan fara da mene ne intanet. Ladan ya ce, "Malam, bar wannan. Nuna mana yadda za mu san kuɗi ya shiga." Daga nan muka fara: lambobin boko daga 0 zuwa 9, waɗanda yawancinsu sun riga sun sani daga jikin kuɗi, yadda ake danna lambar banki a duba abin da ke asusu ba tare da data ba, inda adadin kuɗi yake zama a cikin saƙo, dalilin da ya sa saƙon wayar mai saye ba hujja ba ne sai ka ga naka. Sai dokar da muka riƙa maimaitawa kamar hadda: lambar da aka turo maka taka ce kai kaɗai, ko wanda ya kira ya ce shi ne manajan banki. Haruffa sun fi ba su wahala, musamman b da d da p, da bambancin babban baƙi da ƙarami, wanda babu shi a ajami. Dattijo ba ya son ya yi kuskure a gaban ɗan cikinsa, don haka na daina tambayar mutum ɗaya-ɗaya, sai in sa su bibbiyu su gwada a tsakaninsu ina waje ina shan shayi.

Zagaye na biyu

A Janairun 2025 muka sake shiri, wannan karon da layin uban, bayan mun je an tabbatar sunansa da NIN ɗinsa ne a kai. Ita ta buɗe imel da hannunta a laftof ɗina, ni ina tsaye na juya baya lokacin da take sa kalmar sirri. Na sa ta fita ta sake shiga sau uku. A makaranta kuma na roƙi shugabanmu ya ba ni darasi biyu a zangon farko na 'yan aji shida, ba don maɓallai ba, don waɗannan: layin wa za ka yi amfani da shi, yana ina, sunan wa ke kai; buɗe imel; abin da ake yi bayan sakamako ya fito, wata bayan wata, har ranar amsa gurbi a CAPS. Mun rubuta jadawalin a kwali mun manna a ofishin malamai. A cikin 'yan ajin, da na tambaya, fiye da rabi niyyarsu ita ce su yi da layin wani ɗan uwa da ba ya zaune a gari.

Jarrabawar 2025 ita ce wadda aka yi ta ce-ce-ku-ce a kanta. Cikin sama da mutum miliyan 1.9 da suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba. Ran 14 ga Mayu Farfesa Oloyede ya fito gaban 'yan jarida, har da hawaye, ya amsa cewa an samu tangarɗar na'ura a cibiyoyi 157 a Legas da jihohin kudu maso gabas, kuma ɗalibai 379,997 za su sake zama. Abin bai shafi yankinmu ba, amma na kai labarin aji, don akwai abin lura a ciki. Waɗanda suka tono matsalar ɗalibai ne da iyaye da malamai da suka san abin da ya kamata na'ura ta yi, suka ga ba ta yi ba, suka tattara hujja suka yi ta magana a intanet har aka saurare su. Na tambayi kaina, da a garinmu abin ya faru, mutum nawa ne za su ce na'ura ce ta yi kuskure? Mafi yawa cewa za su yi yaro bai yi karatu ba, ko kuma haka Allah ya ƙaddara, a rufe maganar.

Ga shi kuma abin ba a JAMB zai tsaya ba. WAEC ta fara jarrabawa da kwamfuta ga masu zama na ƙashin kansu tun farkon 2024, kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da aniyar mayar da WAEC da NECO kan kwamfuta. A makarantarmu har yanzu laftof ɗaya ne, batirinsa ma ya fara kumbura.

Yarinyar ta sake ci, da maki ƙasa kaɗan da na bara, abin da ya ɓata mata rai kwana biyu. Ta yi rajistar tantancewa a makon farko da aka buɗe. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci uban yakan biyo da ita gidana a duba CAPS, don wayarsa ba ta shiga intanet. Ranar da gurbin ya fito, hannunta na rawa ta kasa tuna kalmar sirrin, ta sa sau biyu ana cewa ba daidai ba.

Uban ya ce, "Dakata, uwata." Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa gare ta. Ya sa hannu a aljihun babbar riga ya ciro littafin da yake rubuta bashin hatsi, ya buɗe bangon baya. Ya rubuta ta a can da ajami, harafi bayan harafi da sunansa, ya ja layi a ƙarƙashin waɗanda suke manyan baƙaƙe. Ya dube ni ya ce, "Malam, ɗan ba mu wuri."

Na fita tsakar gida na ba su wuri.